Ido Mai Lafiya Ake Rufewa

Lahadi, 7 ga Yuli, ƙarfe 4:40 na yamma

Zan rubuta abin da ya faru jiya yadda aka koya mana rubuta rahoto: wa, me, ina, yaushe. Dalili kuwa sai na huce.

Makon jiya na sayo tsohuwar talabijin a Sabon Gari, irin wadda ake ce wa tiri-di, mai nuna zurfi. Kamfanoni sun daɗe da daina ƙera ta. Ina so in rubuta a shafina na jarida abin da ya kashe ta, da ko tana da wani amfani ga mai buga gem a gida. Aikinta ba siddabaru ba ne. Hoto biyu take fitarwa lokaci ɗaya, na idon dama da na idon hagu. Tabarau ɗin da ake sawa ya raba su, ƙwaƙwalwa ta haɗa, sai mutum ya ga na kusa a kusa, na nesa a nesa.

Jiya bayan Azahar, da sola ta cika batir, na kunna gem ɗin tseren mota. Tahira, 'yata ta biyu, mai shekara biyar, ta sa tabarau. Da motar ta yi tsalle ta taso mana, sai ta kwanta a tabarma tana ihu tana dariya. Ihun ne ya jawo yayarta daga sashen Inna, mahaifiyata.

Ita ma ta sa. Mota ta taso, Tahira ta sake kwanciya, ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ban ga abin da ya fito ba. Duhu kawai ya ƙara."

Na canza mata tabarau. Duk ɗaya. Sai na tuna wani abu da na karanta: wanda ido ɗaya ke yi wa aiki ba zai ga zurfin ba. Na ce Tahira ta rufe wa yayarta idon hagu da tafin hannu, ta karanta kalandar bango. Ta karanta. Na ce a rufe na dama. Can ta ce, "An ɗauke rubutun."

Shekararta takwas.

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe 7:15 na safe

Inna ta aiko matata Ramlat da saƙo: a fitar da akwatin da ya tsotse wa ƙawarta, wato jikarta, ido. Minti goma yarinyar ta yi a gabansa. Minti goma.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan La'asar

Mun dawo daga asibitin ido a Kano. Sai da na tsuguna na nemi izinin Inna kafin na tafi da ita.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗiga magani, ta auna, ta sake aunawa. Ta ce idon hagun lafiyarsa lau, babu yana, babu ciwo. Tun tana jaririya yake kai wa ƙwaƙwalwa hoto dishi-dishi, ƙwaƙwalwar ta gaji ta daina saurarensa. Maganin abu biyu ne. Tabarau na likita, sannan a rufe idon DAMA, mai lafiyar, da filasta, awa huɗu kullum, don a tilasta wa na hagun aiki. A cikin awannin ta riƙa yin abin da ke buƙatar zura ido: karatu, zane, tsintar shinkafa. Na tambaya ko gem. Ta ce gem ya fi, don yaro ba ya gajiya da shi, amma a kashe tiri-din, tunda ido ɗaya ne a buɗe. Mu koma bayan mako shida, ranar 21 ga Agusta. Ta ce a shekara huɗu abin da sauƙi, a takwas ƙofar ta fara rufuwa.

Na tambaye ta ko talabijin ce ta jawo. Ta ce, "Talabijin ce ta tona."

Sai yarinyar ta ja hannun rigata ta ce, "Yaya Jafaru, ƙishirwa nake ji." Haka take kirana, yadda ta ji ƙannena suna yi. Likitar ta ɗago ta ce, "Malam, gara ka zo min da mahaifinta, da shi zan yi wannan maganar."

Na ce ni ne.

Ta dube ni, ta dubi katin. Ta ce, "Ba ka taɓa lura tana karkata kai in za ta kalli abu ba?"

Shekara goma sha tara ina aikin jarida. Na taɓa gano an canza rana a takardar ma'aikata daga kaurin tawada kawai.

Alhamis, 11 ga Yuli, da hantsi

'Yar fari ce. Ranar da aka yaye ta Inna ta goya ta ta wuce da ita sashenta. Tsakaninmu katanga ɗaya da bishiyar darbejiya. Tun daga ranar ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta, ba na tsayawa kallonta a gaban mutane. Uwarta ta fi ni ma, ko ni, Abban Tahira take ce min don kar sunan waccan ya bi ta bakinta. Garin nan kowa na yaba min: ɗan boko, amma da kunya.

Don haka yau da na kai wa Inna kwalin filasta, a bakin ƙofa na tsuguna, kaina a ƙasa. Na ce, "Inna, likita ta ce a riƙa rufe mata ido, daga hantsi zuwa Azahar. Na dama."

Tana tankaɗe. Ta ce, "Na ji. Ajiye nan. Ni na yi renon ubanta, filasta ba zai gagare ni ba."

Sau ɗaya na faɗa. Maimaitawa zai zama kamar ina koya mata riƙon jika.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan masallaci

An fara. Na hango farin filasta a fuskarta ta saman katanga.

Talata, 16 ga Yuli, ofis, ƙarfe 1:30 na rana

Litinin zuwa Alhamis a Kano nake kwana, don haka labarin gida sai ta waya. Ramlat ta ce Inna ba ta fasa ko rana ɗaya ba, har da carbi take ƙirga lokaci. Yarinyar ba ta kuka, tana wasanta, tana karatu sarai. Na yi mamakin sauƙin abin, don likitar ta ce makon farko yara suna yin bore.

Edita yana son shafin ya zama na ban dariya: ɗan ƙauye ya sayi talabijin da duniya ta yar. Na rubuta masa gaskiya. A gem ɗin mota tiri-di yana taimakawa, mutum yana gane nisan kwana kafin ya isa, ba ya taka birki a makare. A gem ɗin ƙwallo bai ƙara komai ba, 'yan wasa dai sun zama kamar 'yan tsana a cikin akwati. Hoto yana dusashewa, bayan minti arba'in goshi ya fara nauyi, in ka kishingiɗa zurfin ya watse. Mutum ba ya son sa tabarau a ɗakinsa don ya huta. Wannan ya kashe ta.

Sakin layi ɗaya na ƙara, cewa tana iya nuna wa iyaye yaron da ido ɗaya ke yi wa aiki. Edita ya cire. Wai ya yi nauyi.

Asabar, 20 ga Yuli, ƙarfe 11:00 na safe

A majalisar ƙofar gida babban wana, Yaya Ɗanliti, ya ce, "Ga mai silima nan. Jafaru, an ce in mutum ya sa gilashinka mota ce take fitowa ta take shi. Ka ara min in ga ko taki zai fito."

Aka yi dariya. Wani ya ce ai matan unguwa sun hana 'ya'yansu shiga gidana.

Yarinyar ta wuce mu da tulu, da filastarta. Na kau da kai yadda na saba.

Asabar, 27 ga Yuli, ƙarfe 10:05 na safe

Na hagu.

Asabar, 27 ga Yuli, bayan Azahar

Kwana goma sha biyar Inna tana rufe idon hagu. Kullum, awa huɗu, ba fashi. Idon da ake so a tasa daga barci shi ake ta lulluɓewa.

Ba ni na gano ba. Tahira ce ta manna wa kanta ganyen darbejiya a ido tana kwaikwayon yayarta, na ce mata ba wannan idon ba ne. Ta ce, "Shi ne mana, Abba." Na tashi na leƙa. Shi ne.

Sau nawa ta wuce ta gabana da filastar nan? Juma'a uku, Asabar biyu, Lahadi biyu. Na ga fari a fuskarta, ban ga a wane gefe yake ba, don ban taɓa barin idona ya kai daƙiƙa biyu a fuskar ba.

Na tambayi Ramlat. Ta ce ta lura tun ranar farko.

Na ce, "Kin lura?"

Ta ce, "Abban Tahira, ni zan shiga ɗakin Inna in ce ba haka ake yi wa 'yata ba? Da wane bakin? Na ɗauka kai ka canza."

Na so in yi mata tsawa. Da wane bakin ni ma.

Lahadi, 28 ga Yuli, ƙarfe 9:30 na safe

Na shiga har cikin ɗakin. Na ce, "Inna, na dama likita ta ce."

Ta ce, "Na ji ka ranar. Na ɗauka bakinka ne ya kuskure, na rufa maka asiri. Ka taɓa ganin an ɗaure ƙafa mai lafiya an bar mai targaɗe?"

Na yi bayani. Na yi shi a hankali, da Hausa mai kyau, ba turanci ko ɗaya. Ta bari na gama, ta miƙo min filasta ta ce, "To bisimilla, likita."

Ni na manna, a gabanta. Karo na farko da hannuna ya taɓa fuskar tun tana cikin zani. Tana da ɗan tabo a gira, ban san yaushe ta same shi ba.

Ta miƙe za ta fita, ta yi karo da bakin ƙofa. Ta laluba, ta taka kwanon koko, ya zube mata a ƙafa. Ba zafi sosai, amma ta fasa kuka tana cewa, "Inna, ba na gani, Inna."

Inna ta taso da saurin da ban san tana da shi ba, ta ɓalle filastar ta jefar. Ta ce, "Muddin ina numfashi ba mai sa min yarinya a duhu da rana tsaka. Fita."

Na fita.

Laraba, 31 ga Yuli, ofis, ƙarfe 12:20 na rana

Ramlat ta bugo. Inna ta sa Yaya Ɗanliti ya ciro talabijin daga ɗakina, sun kai ta ɗakin ajiya, bayan buhunan taki. Filasta kuwa an daina gaba ɗaya, ko dama ko hagu. Tabarau ɗin likita ma yana cikin kwalla, wai kar ta fasa.

Saura mako uku.

Alhamis, 1 ga Agusta, ƙarfe 3:00 na rana

Na gyara rahoton wani yaro sau uku, na mayar masa da jan biro har ya kusa kuka. Laifinsa waƙafi biyu.

Asabar, 3 ga Agusta, da hantsi

Na bi Yaya Ɗanliti gona. Yana huɗar wake a tsakanin gero da shanunsa biyu. Ban gaishe shi yadda ya kamata ba, ya kuma lura.

Ya ce, "In akwatinka ka zo nema, yana nan, ko ƙwarzane bai yi ba. Uwa ta ce ɗauka, in ce a'a?"

Na nuna masa bajimin hagu, ƙaramin da ya saya bara. Na ce yaya ya yi ya koyi ja?

Ya ce, "Wannan? Malalaci ne. In na haɗa shi da babban sai ya saki jiki, babban ya ja su duka. Sai da na ɗaure babban a gindin kuka na sa masa kurar ɗaukar kaya shi kaɗai. Mako biyu yana faɗuwa yana tashi."

Na ce, "Mai ƙarfin ka ɗaure ke nan."

Ya tsaya. Ya cire malafa ya share goshi. Ya daɗe yana kallon san. Sannan ya ce, "Jafaru, ni na gane. Amma ni ɗan fari ne, shekara hamsin Inna ba ta kira sunana ba, ba kuma ni zan je in yi mata gardama ba. Hanya ɗaya gare ka, kuma ka san ta."

Na san ta. In karɓe yarinyar in dawo da ita sashena. A gidanmu ba a taɓa karɓe ɗan riƙo daga hannun uwa ba. Wanda ya yi a unguwar gabas, har uwarsa ta rasu ba ta ƙara cin abincin gidansa ba.

Lahadi, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Ido ɗaya, ko uwa ɗaya. Na rubuta shi haka don in ga ko zai yi kama da wauta. Bai yi ba.

Litinin, 5 ga Agusta, ƙarfe 8:00 na safe

Ban tafi Kano ba. Na gaya wa edita ba ni da lafiya. Na ce wa Ramlat ta share ƙaramin ɗaki ta shimfiɗa katifa. Ta dube ni, ta ɗauki tsintsiya.

Gobe zan gwada abu ɗaya. In bai yi ba, jibi in ɗauko ta.

Talata, 6 ga Agusta, ƙarfe 5:10 na yamma

Da hantsi na ciro talabijin daga bayan taki, na goge ta, ni da Yaya Ɗanliti muka kai ta ɗakin Inna, na jawo waya ta saman katanga. Niyyata ƙarama ce: ta ga babba ya kalla ya tashi da idonsa, ko ta daina cewa akwatin ne.

Ta ce, "Yau kuma a ɗakina za a yi silimar?"

Yaya ya sa tabarau yana cewa shi ba yaro ba ne. Mota ta yi tsalle. Ya kauce har hularsa ta faɗi, ya ce, "La'ilaha illallahu." Inna ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ƙato da kai, mai shanu biyu. Miƙo in ga abin da ya kayar da kai."

Ta sa a kan ɗankwalinta. Na mayar da tseren baya. Mota ta taso. Ta taso kuma. Inna tana zaune kamar tana sauraron rediyo.

Ta ce, "Ina abin yake? Ni duhu kawai na ga ya ƙara."

Yarinyar, da ke zaune a bakin gado, ta ce, "Nima haka na gani, Inna."

Na ɗago kai na kalli mahaifiyata a fuska, abin da rabona da yi tun ina firamare. Na ce, "Inna, rufe na dama."

Ba ta rufe ba. Ta cire tabarau ɗin ta ajiye a cinya. Ta ce, "Ba sai na rufe ba. Na san abin da ke can. Inuwa ce. Tun ina tallan gyaɗa haka yake." Ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har Baba ya rasu bai sani ba, don kar a ce an aura masa mai ido ɗaya. Ta ce shi ya sa ba ta zuba shayi sai bakin buta ya taɓa kofi. Ta ce, "Ranar da ka rufe mata na dama, ni na san inda ka jefa ta. Kai ba ka sani ba."

Gaskiya ne. Ban sani ba.

Na ce, "Likita ta ce a shekara takwas yana iya tashi. In an wuce, shi ke nan."

Ta ce, "Wato da an rufe min nawa..."

Ba ta ƙarasa ba. Yaya ya ɗauki hularsa ya fita, wai zai duba shanu.

Ta daɗe tana murza tabarau ɗin. Sannan ta jawo kwalla ta ciro na likita da kwalin filasta. Ta ce, "Zakiyya, zo nan, ƙawata." Ta riƙe haɓarta. "Za ki shiga duhu, ba zan yi miki ƙarya ba. Za ki yi karo, za ki yi kuka. Ina nan zaune, ba inda za ni. Wanne ne hannun cin tuwonki?"

Yarinyar ta ɗaga. Inna ta manna a gefen, ta danne gefunan da babban yatsa.

Ta yi kukan. Na kashe tiri-din, na sa mata hannun gem a tafinta, na nuna mata maɓallin tafiya. Minti ashirin tana dukan bango da motar tana shessheƙa. Inna tana riƙe da ƙafarta tana cewa, "Hagu, hagu, ke direban Dawakin Tofa, za ki kashe mu."

Laraba, 7 ga Agusta, bayan Azahar

Awa huɗu cif. Na dama. Ta gama zagaye ɗaya, ta zo ta ƙarshe.

Kwana ashirin da shida muka zubar. Ban san abin da likita za ta gani ranar 21 ba. Na ce wa Inna ta zo mu tafi tare a duba nata. Ta ce nata ya riga ya yi kwanan da ba ya tashi, in bar ta.

Ramlat ta naɗe katifar ƙaramin ɗakin.

Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon yarinyar, yadda take karkata kai tana cije leɓe in kwana ta matso. Ban san na daɗe ba sai da Inna ta ce, "Kai Jafaru, ba ka da kunya ne? Ka tsaya ka zuba wa 'yar fari ido kamar yau ka fara ganinta."

Na ce, "Eh, Inna."

Ta matsa min a tabarma.